Waya Ɗaya, Aji Guda: Jagorar Malami Kan Koyarwa da Manhajojin Intanet a Daɗin Kowa

Malamin da ke koyarwa a Daɗin Kowa da ke Jos, ko a maƙwabtanta irin su Zaramaganda da Rayfield, ba ya bukatar a ba shi labarin inda duniya ta dosa. Ya sani. Tun 2015 hukumar JAMB ta ajiye jarrabawar takarda ta koma kwamfuta ɗungurungum, a 2024 kuma WAEC ta fara gwada haka da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Yaran da ke zaune gabansa yau, a gaban kwamfuta za a auna su gobe. Abin da ke damunsa shi ne tambayar da ba a cika amsawa a tarukan bita ba: ga ɗalibai hamsin ko sittin, ga wayar hannu guda ɗaya, ga wutar da ba ta da alƙawari, ga darasin minti 40. Ta ina zai kama?

Bari mu fara sanin kayan da ake magana a kansu. Ba bidiyon YouTube nake nufi ba, ko da yake shi ma yana da ranarsa. Bidiyo shi ke magana, yaro kallo kawai yake yi. Ina nufin manhajojin da ke mayar da martani: yaro ya ja wani abu da yatsa, sakamako ya sauya a kan idonsa, ko kuma a jefa tambaya, kowa ya amsa, nan take malam ya ga wanda ya gane da wanda aka bari a baya. Iri biyu ke nan, na gwaji da na tambaya, kuma darasin da ya amsa sunansa yakan haɗa su.

Na'ura ita kaɗai ba ta koyar da kowa. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba wa yara laftof sama da miliyan ɗaya ba tare da an saƙa su cikin yadda ake koyarwa ba, kuma karatun yaran bai ƙaru ba. Abin da ke sa yaro ya koya shi ne ya fara cewa "ina zaton kaza zai faru", ya tsaya kan bakansa, sannan ya ga abin da ya faru. In ya canka daidai, ya ƙara tabbata. In ya kuskure, mamakin da zai kama shi ne zai buɗe masa kai. Don haka akwai doka guda da duk sauran bayanin nan ya rataya a wuyanta: kada a danna komai sai kowane yaro a ajin ya faɗi hasashensa. Kowane yaro, ba ukun nan na sahun gaba da hannunsu ke sama kullum ba.

Aikin da ake gamawa tun a gida

Darasin da ke jiran sabis a lokacin da yara suka zuba maka ido, ka riga ka miƙa shi hannun sa'a. Duk abin da ke saukuwa, ka sauke shi tun da dare.

Wurin farawa shi ne PhET. Wani masanin kimiyya mai suna Carl Wieman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, shi ya kafa shi a 2002 a Jami'ar Colorado da ke Amurka. Tarin gwaje-gwaje ne na kimiyya da lissafi, sun haura ɗari, kyauta ne a shafinsu, kuma kowane gwaji fayil guda ne da za ka iya saukewa ka buɗe shi a burauza babu data. Akwai na haɗa wutar lantarki, na daidaita lissafin sinadarai, na gina ƙwayar zarra, na ɓangarorin lamba ga 'yan firamare. Mai laftof yana iya sauke su gaba ɗaya lokaci guda a inda intanet ke da ƙarfi, ya huta. Bayan ka sauke, sai ka yi abin da mutane da yawa ke tsallakewa: kashe data, sa wayar a yanayin jirgin sama, buɗe fayil ɗin ka gani da idonka cewa yana aiki. Wasu wayoyin sukan yi gardama wajen buɗe irin wannan fayil, gara ka gano haka a ɗakinka.

Sannan ka yi wasa da gwajin kai kaɗai na kamar rabin awa. Ka haɗa, ka warware, ka yi kuskure da gangan don ka ga me manhajar ke yi in an yi mata ba daidai ba. Yara za su taɓa duk inda ba ka yi tsammani ba, kuma kai za su tambaya.

Sai batun yadda kowa zai gani. Allon waya ba ya wadatar da mutum sittin. Ana yawan ɗokin majigi, amma ajinmu tagogi ne a buɗe, rana tana shigowa, hoton yakan dushe har na baya su daina gani, ga shi da cin wuta. Talabijin mai inci 32 ko 43 ta fi shi dacewa: haskenta yana jure rana, ƙaramin batirin sola yana ɗaukarta, igiyar HDMI guda ta isa ta haɗa ta da laftof. Wanda zai haɗa ta da waya ya gwada kafin ya sayi igiya, domin ba kowace waya ce ke fitar da hoto ta bakin cajinta ba. In kuwa babu talabijin babu majigi, ba a fasa darasi. Raba ajin rukuni-rukuni, wani rukunin yana wajen wayar, wani yana zana abin a takarda, wani yana haɗa na gaske da hannu, suna zagayawa bayan 'yan mintuna. Wannan ya fi wahalar riƙewa, hayaniya za ta yi yawa a farko, amma a nan ne yatsun yara da yawa ke taɓa abin.

A lura da damina. Daga Yuli zuwa Satumba, in ruwan Jos ya sauka kan kwanon rufi, ko ihu malam yake yi da ƙyar ake jin sa, balle lasifikar waya. Ka zaɓi abin da ido ke fahimta ba sai da sauti ba, kuma ka rubuta tambayoyinka a allo da alli tun kafin a fara.

Yadda kowa zai amsa alhali babu mai waya sai malam

Plickers ita ce manhajar da na fi ba malamin irin ajinmu shawara a kanta, saboda dalili guda: yaro ba ya bukatar na'ura ko kaɗan. Kati ake ba shi. Ana sauke katunan kyauta daga shafin manhajar a buga su a shagon fotokwafi. Akwai jerin guda 40, akwai na 63. Kowane kati yana ɗauke da wani baƙin zane mai kusurwa huɗu da lambarsa ta daban, a gefunansa huɗu kuma an rubuta A, B, C, D da ƙananan baƙaƙe. Yaro yana juya katin yadda harafin da ya zaɓa zai kasance a sama, ya ɗaga. Malam ya tsaya a gaba ya bi ajin da kyamarar wayarsa daga wannan bango zuwa wancan, cikin daƙiƙu kaɗan wayar ta karanta katunan ta nuna masa wa ya zaɓi me. Da yake baƙaƙen ƙanana ne kuma zanen kowa daban, na kusa ba ya iya satar amsa, kuma yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu tana amsawa ba tare da aji ya juyo kanta ba. Wayar malam tana bukatar 'yar data kaɗan don ta ɗauko tambayoyi ta adana sakamako, ba wani mai yawa ba.

Ga abubuwan da ke ɓata aikin. Takarda zalla ba ta kai ƙarshen zango, ka liƙa kowace a kan kwali mai kauri. In za ka sa mata leda, kada ta zama mai ƙyalli, domin hasken taga yana hana kyamara karantawa. Yara su riƙe katin a gefe, kada yatsa ya hau kan baƙin zanen. Na sahun baya su ɗaga sama da kawunan na gaba, ko ka buga musu manyan katuna. Ka ɗaure lambar kowane kati da sunan yaro guda tun ranar farko, ka karɓe katunan bayan darasi su kwana a durowarka. Kati ɗaya yana yi wa aji uku ko huɗu aiki, tunda a cikin manhajar kowane aji da rajistarsa. In ajin ya wuce 63, a zauna bibbiyu kan kati ɗaya, su daidaita kafin su ɗaga. Tsarin kyauta na manhajar yana ba ka tambaya biyar a kowane jerin tambayoyi, kuma biyar ta yi yawa ma ga darasi guda. Tambaya biyu masu nauyi sun fi.

Ranar da wayar ta mutu, yara su ɗora yatsu a ƙirji: ɗaya A, biyu B, har huɗu. Ba za ka sami rubutaccen sakamako ba, amma za ka ga yadda ajin ya rabu, kuma shi ne abin da ake nema.

To, ka ga amsoshin. Sai me? Nan ne yawanci ake tsayawa, alhali nan aikin ya fara. Eric Mazur, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, ya fito da wata hanya a farkon shekarun 1990 wadda ta dace da mu sosai. In kusan kowa ya samu, ka faɗi dalili a taƙaice ka wuce. In kusan kowa ya faɗi, matsalar daga bayanin take, ka sake shi ta wata fuska. In kuwa ajin ya rabu, wasu nan wasu can, kada ka faɗi amsa. Ka ce kowa ya nemi wanda amsarsa ta saɓa da tasa ya shawo kansa, minti biyu, sannan a sake ɗaga kati. Yaron da ya gane abu yanzu-yanzu yana tune da inda ya yi tuntuɓe, don haka sau da yawa bayaninsa ya fi na malam shiga kunnen ɗan'uwansa. Ka bar su su yi musun da harshen da ya fi musu sauƙi. A ajin Daɗin Kowa za ka sami ɗan Berom da Bahaushe da ɗan Ngas da Ibo da Bayarabe a benci ɗaya, kuma galibi Hausa ce ke haɗa su in magana ta yi zafi. In an zo rubutu a littafi sai a koma Ingilishi, tunda da shi za a tambaye su a jarrabawa.

Darasi guda daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki darasin haɗa wutar lantarki na ƙaramar sakandare. Gwajin PhET da za ka nema sunansa Circuit Construction Kit: DC. A cikinsa akwai batir, kwan fitila, makunni, igiyar wuta da ma'aunin gudun wuta, duk ana jawo su da yatsa a jona.

Minti biyar na farko talabijin a kashe take. Ka tambaye su: in kwan ɗakin Mama ya mutu, na falo yana mutuwa? Za su ce a'a. Ka ce me ya sa, tunda layi ɗaya ya shigo gidan? Ka saurari amsa biyu ko uku, kada ka yanke hukunci, ka bar tambayar a rataye. Sai ka zana batir ɗaya da kwai ɗaya a allo, a gefensa ka zana batir ɗaya da ƙwai biyu a jere, wuta ta ratsa na farko sannan ta shiga na biyu. Tambayar kati ita ce: yaya hasken biyun nan zai kasance? A, kowane yana haske kamar guda ɗayan can. B, duka sun rage haske, amma daidai suke da juna. C, na farko ya fi na biyu. D, na biyu ya fi na farko.

Da yawa za su ɗaga C. Ba wauta ba ce, tunani ne mai kama da hankali: suna ganin na farko yana shan rabonsa ya bar wa na biyu saura. Saboda wannan tunanin aka sa zaɓin C a cikin tambayar. Haka ake rubuta tambaya mai amfani, kowace amsa marar kyau ta zama kuskuren da yara ke yi da gaske, ba shirmen da kowa zai tsallake ba. Ka ba su minti biyun musu, kana zagayawa kana saurare, bakinka a rufe. A sake ɗaga kati.

Yanzu ne za a kunna. Ka kira yaro ya zo ya haɗa, kuma kada ya zama gwanin ajin. Ka kira wadda ba ta cika magana ba, sauran su riƙa faɗa mata inda za ta jona. Da kwai ɗaya, batir mai bolt 9 da kwai mai om 10 kamar yadda manhajar ke kawo su, ma'auni zai nuna amfiya 0.9. Da aka jera biyu, haske ya ragu a duka, ma'auni ya nuna 0.45. Kada ka yi gaggawa a nan, nan ne zuciyar darasin. A sa ma'aunin kafin kwan farko, a karanta. A sa shi tsakanin biyun, a karanta. A sa shi bayan na biyu. Lamba ɗaya ce a duk wuraren uku. Wani zai ce, "Malam, to me kwan yake ci in wutar ba ta raguwa?" In ka ji wannan tambayar, darasinka ya kama. Daga nan za ka bambance musu abin da ke zagayawa a igiya, wanda ba ya ƙarewa a hanya, da ƙarfin da batir ke ba shi, wanda shi ne ke komawa haske da zafi.

Sai hasashe na biyu: in aka cire kwai ɗaya daga jeren fa? A ɗaga kati, a cire, duka su mutu. Sannan a sake haɗi, kowane kwai da tasa hanyar zuwa batir. Kowane zai yi haske kamar shi kaɗai ne, 0.9 a kowace hanya, 1.8 a bakin batir. A cire ɗaya, ɗayan yana nan da haskensa. Kada ka ce komai, ka nuna musu tambayar ɗakin Mama da falo da ke allo. Su za su amsa ta.

Akwai abin da yara ke so ƙwarai: in aka jona bakin batir biyu da igiya kai tsaye babu kwai a tsakani, wuta takan kama batirin a cikin manhajar. Ka ajiye shi sai kusan ƙarshe, in ba haka ba shi za su yi ta maimaitawa. Amma ka nuna shi, domin da shi za ka yi bayanin abin da ke haddasa gobara in igiyoyi suka haɗu a gida ko a shago, da amfanin fis. Ka kuma faɗa musu da babbar murya cewa babu mai gwada komai da soket ɗin bango.

Minti goman ƙarshe a kashe talabijin. Kowa ya zana haɗin biyu a littafinsa ya rubuta jimla guda kan bambancinsu, ka rubuta musu sunayen Ingilishin da za su gani a jarrabawa. Ka rufe da tambayar da ba a gwada ba, misali ƙwai uku a jere. In ka bar wannan ɓangaren, yara za su fita suna cewa darasi ya yi daɗi, mako mai zuwa babu abin da ya zauna.

Abu biyu zan ƙara. Manhaja ba ta maye gurbin batirin tocila da ƙaramin kwai da guntun igiya, waɗanda za ka samu da kuɗi kaɗan a Taminus ko kasuwar Bukuru. Na gaske yana da koyarwar da na allo ba shi da ita: igiya takan ƙi zama, batir yakan yi sanyi, yaro ya koyi neman inda matsala take. Na biyu, yaran Filato suna da labarin wuta na gidansu. Tun 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki da ƙarfin ruwa a Kurra Falls don ma'aikatun haƙar kuza. Jimla biyu kan wannan sukan sa yaro ya ji darasin na ƙasarsa ne.

Sauran kayan, da inda kowane ya dace

Malamin lissafi ya sauke GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara ƙirƙira a 2001 a ƙasar Ostiriya. Tana aiki babu intanet. Zana da'ira, ka sa kusurwa a tsakiya da wata a baki kan baka ɗaya, ka tambaya: in na ja wannan ɗigon zuwa can, kusurwar za ta ƙaru, ta ragu, ko ta tsaya? Bayan sun amsa, a ja. Ta tsakiya tana nan ninki biyu na ta baki duk inda aka kai ɗigon a wannan ɓangaren da'irar. Abin da alli ke nunawa a zane guda, nan ana ganinsa a zane ɗari. Amma ganin ido ba hujja ba ce a lissafi, sai an koma allo an kafa dalili.

Malamin labarin ƙasa yana da abin da ya fi kowa a wannan yankin. Buɗe Google Earth ka sauko kan Daɗin Kowa, yara su nemo titin Bukuru, su nemo rufin makarantarsu. Ka matsa wajen Rayfield su ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, su yi hasashen faɗin guda ɗaya kafin a auna da ma'aunin manhajar, sannan a kwatanta da filin ƙwallonsu. Daga nan darasin sikelin taswira ya samu, darasin zaizayar ƙasa ya samu, gargaɗi kan wanka a waɗannan ramuka masu zurfi ma ya samu. Ita dai tana shan data, don haka ka ɗauki hotunan allo ko ka naɗi bidiyon zagayenka a gida don ranar da sabis ya ƙi.

Kahoot, wadda ta fito daga Norway a 2013, ita ce kowa ya fi sani, kuma ina da ja a kanta. Tana bukatar waya da intanet a hannun kowane mai wasa ko kowace ƙungiya, kuma makinta yana fifita mai sauri. Yaron da ke karanta Ingilishi a hankali, ko da ya fi kowa tunani, kafin ya gama karanta tambaya an wuce shi. Ta dace da bitar ƙarshen zango, ba da sabon darasi ba, kuma in za ka yi ta, ka tsawaita lokacin amsa. Ka kuma kula da yadda ake raba ƙungiya. Daɗin Kowa unguwa ce da aka san ta da cewa Musulmi da Kirista sun tsare juna a rikicin Jos na 2008 da na 2010, har wata mai bincike, Jana Krause, ta yi nazarinta a littafin da ta wallafa a 2018. Iyaye da dattawa ne suka yi wannan aikin, kuma malami yana da nasa kason. Kada ka bar yara su ware kansu ta addini ko ƙabila da sunan gasa. Kai za ka raba su, ta lambar kati ko ta layin zama, ka riƙa sauyawa.

Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ko 'yan allunan hannu ta duba Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality. Ana ɗora ta kan kwamfuta ɗaya, a sauke darussa sau ɗaya, sauran na'urori su riƙa ɗauka daga gare ta ta rauta ba tare da ko kobo na data ba. Gwaje-gwajen PhET suna ciki, darussan Khan Academy suna ciki, malam kuma yana ganin inda kowane ɗalibi ya tsaya. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 bisa tsarin karatun ƙasar nan, har da darussa cikin Hausa. Malaman ƙananan azuzuwa su leƙa African Storybook, akwai littattafan yara masu hoto da Hausa da Ingilishi da za a iya saukewa ko bugawa. Duk inda kwamfuta ta samu, 'yan babbar sakandare su riƙa amsa tambayoyi a kanta da hannunsu lokaci-lokaci, don kada ranar JAMB ta zama ranar farko da yaro ya riƙe linzami.

Aikin gida da amanar yara

Google Forms yana iya zama jarrabawa mai yi wa kanta maki, kuma tura shi ta zauren iyaye na WhatsApp abu ne mai sauƙi. Sai dai ka tuna wayar ta uba ce ko ta uwa, ba ta dawowa gida sai dare, wani gidan ma ƙaramar waya ce kawai. Duk aikin da ka ba da ta intanet, ka rubuta irinsa a allo ga mai kwafa a littafi, kuma kada makin zango ya rataya a kan data.

Sunayen yara da makinsu da hotunansu amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yaro. A cikin manhaja, sunan farko ko lambar rajista ta isa. Kada ka haska sakamakon kowa da sunansa a talabijin. Nuna yadda ajin ya rabu kawai, sunayen su tsaya a wayarka. Hoton ɗalibai ba ya hawa Facebook don tallar makaranta sai iyaye sun amince, kuma malami ba ya hira ta waya da ɗalibi shi kaɗai, saƙo ya bi ta zauren iyaye. Ka rufe sanarwar saƙonninka kafin ka haɗa waya da talabijin.

In shugaban makaranta ya ce akwai ɗan kuɗi, ga jerin da zan bi: katuna da kwali tukuna, sai talabijin da igiyarta, sai batir da farantin sola, rauta a ƙarshe. A saka kuɗin mayafin rufe kaya saboda ƙurar hunturu, a kuma sa wa mutum ɗaya alhakin cire komai daga soket in hadari ya haɗo, domin tsawar Jos tana ƙona na'ura.

Ka tanadi ƙaramin littafi. Bayan kowane darasi ka rubuta tambayar da ka yi, amsar da ta fi jan yara cikin marasa kyau, da maganar da ka ji suna yi a lokacin musu. Daga nan tambayoyin baɗi za su fito. Fayilolin da ka sauke kuwa, ka tara su a jaka guda ka tura wa abokan aiki ta Xender ko filashi a ɗakin malamai, kowa ya ɗauki darasi ɗaya a fanninsa ya gwada, ku zauna ranar Juma'a bayan an tashi ku kwatanta abin da kuka gani.